Iferwan: Tsohon zangon fatake a tsakiyar duwatsun Abzin

 A yau filin namu zai ɗauke ku zuwa arewa, can cikin duwatsun Abzin, mu leƙa gundumar Iferwan ta jahar Agadas.

Ga abin da ya sa muka zaɓi wannan wuri. Duk mai sayar da kayan miya a kasuwar Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ta san cewa idan damina ta wuce, albasar Galmi da aka ajiye cikin rudu ta ƙare ko ta soma ruɓewa, to sai a zura ido ana jiran albasar Agadas. Haka nan lemun Timiya, da tafarnuwa, da cuku, da gishirin kantu. Kullum muna saye muna sayarwa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san ƙasar da waɗannan kaya ke fitowa, da wahalar da ake sha kafin su iso rumfunanmu. Wanda ya bi tarihin Iferwan zai tarar abu biyu ne ke riƙe da garin tun kaka da kakanni: ruwan rijiya da buɗaɗɗiyar hanya. Duk lokacin da ɗaya ya yanke, garin kan shiga wani hali, mu ma a kudu sai mun ji a jikinmu.

Ina Iferwan take?

Garin yana cikin wani kwari mai faɗi da Abzinawa ke kira Ighazar, a gindin dutsen Tamgak wanda tsawonsa ya kusa mita 2,000. Daga Agadas, in a miƙe ne, ya fi kilomita 200 zuwa arewa, sai dai mota ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya a wannan ƙasa. Ko dai a kama hanyar Arlit sannan a ratse gabas ta wajen Gugaram, ko kuma a kutsa cikin duwatsu ta Dabaga da Timiya. Gabas da duwatsun kuwa sai rairayin Tenere, wanda ya shimfiɗe har Bilma.

A da Iferwan tana ƙarƙashin gundumar Arlit ne. A shekarar 2011 aka yanke ta ta zama gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi biyu, wato Iferwan da Timiya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen gundumar duka sun kai dubu 32 da 'yan kai, daga ciki wajen dubu 13 da ɗari 6 na ƙaramar hukumar Iferwan. Ke nan unguwa ɗaya babba ta birnin Maraɗi na iya fin su yawa, alhali ƙasarsu ta miƙe har iyakar Aljeriya.

Ruwan sama a nan abin marmari ne. Da wuya abin da ke sauka a shekara ya kai milimita 100, a yayin da Maraɗi kan samu wajen 500. To yaya ake noma? Amsar tana ga duwatsun. Idan hadari ya zuba a kansu tsakanin Yuli da Satumba, dutse ba ya shan ruwa, sai ya gangaro gaba ɗaya cikin korama. Koramar da ta yi wata goma a bushe sai ta cika ta batse cikin sa'o'i kaɗan, sannan ruwan ya nutse cikin yashi ya kwanta a ƙasa. Wannan ruwan da ya ɓuya shi ake haƙa rijiya a tarar, da shi mutane da dabbobi da garake ke rayuwa har wata damina. Ga kuma sanyin hunturu mai shiga ƙashi, wanda shi ya sa alkama ke yin kyau a wurin.

Mutanen ƙasar

Mafi yawan mazauna gundumar Abzinawa ne masu magana da Tamashek. Akwai Kel Ewey, waɗanda suka shahara da fatauci da aikin garka, akwai Kel Tadele makiyaya, da sauransu. Kel Ferwan ma, da a yau aka fi samunsu a kewayen Agadas, daga sunan wannan gari suka samo nasu sunan, don ma'anarsa mutanen Iferwan. Akwai kuma maƙera da ake kira inadan, masu ƙera azurfa da sirdin raƙumi, matansu kuma na dukanci. Cikin sarƙoƙin azurfa 21 da aka san ƙasar Nijar da su, waɗanda kowace ke ɗauke da sunan wani gari ko yanki, akwai ta Iferwan, akwai ta Timiya.

Iyayenmu mata za su so jin wannan: a al'adar Kel Ewey, ɗaki na mace ne, miji ne ke tarewa wajen dangin matarsa. Da yake maza kan yi watanni suna bin ayari, mata ne ke riƙe da gida, su ke kiwon awaki, su yi cuku, su saƙa tabarmin kaba. Cukun da kuke gani an jera a tire a tashar Agadas, yawancinsa guminsu ne.

Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Kafin su ma akwai wasu mutanen da suka bar zane a jikin duwatsu, kamar na Iwelen da ke arewa da Iferwan, inda aka zana raƙuman dawa da mutane da keken doki sama da shekara 2,000 da suka wuce, alamar cewa a wancan zamani ƙasar ta fi haka ruwa da ciyawa. A kan hanyar Timiya kuma akwai kufan Asode, tsohon birnin Abzin, wanda har yanzu ake ganin ragowar gidajensa na dutse da babban masallacinsa.

Zamanin ayari

Abin da ya ɗaukaka sunan Iferwan shi ne zamanta zango. Fataken da suka taso daga Tarabulus suka biyo ta Gadamas da Gat, in sun gama ƙetare hamada, Iferwan na cikin wuraren farko da suke tarar da ruwa mai daɗi, da inuwa, da abincin raƙuma. Daga nan sai su nufi Agadas ko Damargu, su shiga Damagaram, su sauke a Kano. Suna kawo sukari, da takarda, da duwatsun wuya, da yadudduka, su koma da fatu, da gashin jimina, da hauren giwa, da baƙin turkuɗin Kura wanda Abzinawa ke naɗa rawani da shi. Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye ba: har da bayi aka riƙa bi da su ta wannan hanya.

Bayan wannan akwai ayarin gishiri, wanda shi ne na 'yan ƙasa. Wajen watan Oktoba madugu kan ja raƙuma su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da hatsi, su musanya da gishiri da dabino. Gishirin iri biyu ne, kantu na dabbobi, da beza na miya. In sun dawo Abzin suka huta, sai su gangara ƙasar Hausa su sayar, su sayi gero da tufafi, raƙuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki, sannan su koma gida kafin damina. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zauna a Tintellust cikin wannan yanki a 1850, kuma irin wannan ayari ya biyo zuwa kudu, ya shiga Kano a farkon 1851. Ya lura cewa mutanen Kel Ewey na jin Hausa kamar harshensu na gida. Ciniki ne ya kawo haka.

Zuwan Nasara

A watan Fabrairu na 1899 rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy, wadda ta taso daga Aljeriya da raƙuma wajen dubu, ta sauka a Iferwan. Raƙuman nan suka yi ta mutuwa, mutanen ƙasa kuma suka ƙi ba su wasu, har aka gwabza faɗa. Sai da suka yi watanni a maƙale, ba su isa Agadas ba sai ƙarshen Yuli, Damagaram kuwa sai Nuwamba.

Amma abin da ya karya kasuwar Iferwan ya fi bindiga ƙarfi. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a wannan shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da ke yin watanni a bayan raƙumi sai ga shi suna zuwa ta teku da dogo cikin sauƙi da arha. Manyan fataken arewa suka daina biyowa, zango ya yi shiru.

Ana cikin haka sai yaƙin Kawsan ya tashi. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, Kawsan da mutanensa, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka kewaye barikin Faransawa a Agadas. Da taimako ya zo wa Nasara daga Damagaram, sai ramuwa ta faɗa kan talakawa. An kashe malamai a Agadas, an ƙwace raƙuma, an kwashe mutanen duwatsu an tura su kudu. Garuruwan arewacin Abzin, har da Iferwan, suka zama kufai na wasu shekaru. Kawsan ya mutu a Murzuk ta ƙasar Libiya a 1919, Tagama kuma a kurkuku a 1920. Daga baya ne mutane suka riƙa komowa da kaɗan-kaɗan, suna yashe rijiyoyin iyayensu.

Garka ta maye gurbin raƙumi

Da fatauci ya ja baya, sai aikin garka ya ƙaru. Yadda aka gada shi ne a kafa itace a bakin rijiya da abin da Abzinawa ke kira tekarkart, a ɗaura wasaki, sa ko raƙumi na ja yana kai da komo, yaro na biye da shi, ruwa na zuba cikin kwararo yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Da sanyi a shuka alkama, da zafi masara da gero, a gefe ga dabino, ga tumatir da ake shanyawa a yi kauɗa. Timiya kuma ta yi suna da lemu da rumman.

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun hallaka dabbobi masu yawa, makiyaya da dama suka koma garka don dole. A daidai wannan zamani kuma aka buɗe ma'adinan uraniyom, Somair ta soma aiki a Arlit a 1971, Cominak a Akokan a 1978. Dubban ma'aikata suka taru a inda ko ciyawa ba ta fita, kuma dole su ci. Nan manoman Iferwan suka samu kasuwar kayan miya a kusa da gida. Hanyar kwalta da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Arlit ta buɗe musu ƙofar kudu.

Sannu a hankali injin ban-ruwa ya kori sa daga bakin rijiya a garake da yawa, wasu na aiki da fetur, wasu da gas, wasu da hasken rana. Da inji ne albasa ta zama abin neman kuɗi a Abzin. Cibiyarta ita ce wajen Tabelot, amma Timiya da Iferwan ma suna yi. Sirrinta shi ne lokaci: ana shuka ta da damina, ta nuna a ƙarshen shekara, sa'ad da ta kudu ta yi ƙaranci. Shi ya sa manyan motoci ke ɗaukarta daga Agadas har Gana da Kodebuwa.

A 1988 gwamnati ta keɓe gandun dajin Abzin da Tenere, mai faɗin murabba'in kilomita dubu 77 da 'yan kai, aka sa ofishinsa a Iferwan. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991. Akwai barewa da ragon dutse a ciki. Jimina kuwa, wadda a da ake fataucin gashinta, farauta ta ƙarar da ita a dajin, sai da aka koma kiwonta a killace a Iferwan da Kelle don kada irinta ya ɓace. Masu yawon buɗe ido daga Turai suka riƙa zuwa, direbobi da maƙera da masu raƙuma na samun na cefane. A 2001 aka soma bikin Abzin da ake yi a Iferwan, inda ake tseren raƙuma, da kiɗan tende, da baje kolin kayan hannu.

Shekarun tawaye

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Mutanen arewa sun daɗe suna kukan cewa ana haƙar arziki a ƙasarsu amma ba su gani a ƙasa ba. Tawayen farko ya ɓarke a farkon shekarun 1990, har UNESCO ta sa gandun dajin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 1992. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995.

Na biyun kuwa a Iferwan ya soma. A watan Fabrairu na 2007 'yan ƙungiyar MNJ, ƙarƙashin Aghali Alambo, suka kai hari barikin sojan garin. A watan Agusta gwamnatin Tandja Mamadou ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar Agadas. Aka binne nakiyoyi a hanyoyi, motoci suka daina shiga. Mai garka na kallon amfaninsa na lalacewa ba mai saye, mai kanti ba shi da shinkafa ko sukarin da zai sayar. Kafin shekarar ta ƙare mafi yawan mutanen garin sun gudu, wasu Arlit, wasu Agadas, wasu cikin duwatsu. Itatuwan da aka yi shekaru ana reno suka bushe don ba mai ba su ruwa. Sai a 2009, bayan shiga tsakanin ƙasar Libiya, aka ajiye makamai, mutane suka sake komowa kamar yadda kakanninsu suka yi bayan yaƙin Kawsan. Masu yawon buɗe ido dai ba su dawo kamar da ba, balle bayan sace ma'aikatan uraniyom da aka yi a Arlit a Satumba 2010.

Wani abin lura shi ne, garin da tawaye ya soma a cikinsa shi ne kuma ya ba ƙasa faraminista. Brigi Rafini, haifaffen Iferwan wanda ya taɓa zama magajin garinta, ya riƙe wannan muƙami daga 2011 zuwa 2021.

Zinariya da abin da ta zo da shi

A 2014 aka gano zinariya a Jado, sannan a Cibarakaten, can arewa kusa da iyakar Aljeriya. Samari daga kowane lungu na Nijar, har da Cadi da Sudan, suka kwarara. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, Cominak kuma ta rufe ƙofarta a ƙarshen Maris 2021, abin da ya ƙara tura mutane neman abin yi a ramukan zinariya. A can ba a noma komai, ruwa da abinci duk sai an kai da mota, saboda haka 'yan kasuwa da masu motoci sun samu. Wasu samarin sun dawo da abin gina gida da sayen inji. Wasu sun dawo hannu rabbana, wasu rami ya rufta da su, wasu kuma 'yan fashi suka tare su a hanya.

Abin da ke damun mai tunani shi ne garka. Aikinta na son hannu kullum, safe da yamma, ga shi ƙarfafan na can suna haƙa. Sannan inji na jan ruwa fiye da yadda sa ke ja, alhali ruwan da ke kwance ƙarƙashin korama bai wuce abin da damina ta zuba ba. In aka yi shekarar da hadari ya yi rowa, rijiya kan yi ƙasa, sai an ƙara haƙa. In kuma ya zo da yawa, koramar kan ci gaɓarta ta tafi da garka da rijiya da inji a dare ɗaya. Zinariya na ƙarewa a rami, jama'a su kwashe su bar wurin. Rijiyar Iferwan kuwa sau biyu tana maido da mutanen gari bayan an watse.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Wataƙila Hajiya mai albasa a babbar kasuwar Maraɗi ta ce, to ni me ya shafe ni? Ya shafe ki, Hajiya. Ku tuna takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairu 2024. Iyakoki sun kasance a rufe daidai lokacin da albasar Abzin ke fitowa. Albasa kuwa ba ta jiran siyasa, in ta kwana biyu a buhu cikin zafi sai wari. Manomin da ya yi asara bana ba shi da kuɗin iri da mai na baɗi, in bai shuka ba kuwa, rumfarki ce za ta zauna ba kaya a watan Disamba.

Don haka muna kira ga 'yan uwanmu masu sayen kaya a arewa da su ji tsoron Allah a ciniki. Manomi da yawa da bashi yake soma aiki, na iri, na mai, na buhu, kuma amfanin kowa kan nuna lokaci ɗaya, sai farashi ya faɗi. Wanda ya zo daga nesa da kaya mai ruɓewa ba shi da bakin ja-in-ja, kowa ya san haka. Amma matse shi har ya kasa komawa garka, kashe kasuwar gobe ne. Kakanninmu da suka yi hulɗa da madugan Abzin sun san wannan: mai masauki a Damagaram ko Kano kan riƙe amanar baƙonsa shekara da shekaru, har 'ya'ya su gada.

Ga hukumomi kuma, kukan bai wuce uku ba: a gyara hanya don kaya su iso da wuri, a tsare ta daga 'yan fashi, a kuma yi madatsai a koramu don ruwa ya riƙa tsayawa yana nutsewa maimakon ya wuce. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, mutanen Iferwan kuwa sun ga haka da idonsu a 1917 da 2007.

Idan Allah ya kai mu sanyin bana kuka ga lemun Timiya ko albasar Agadas a kasuwa, ku tuna da mai garkar da ya tashi da asuba ya tada inji a gindin Tamgak, da matar da ke can bayan awaki, da direban da ya kwana a korama yana jiran ruwa ya janye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.